Kada Ka Sake Ta a Gangara

Daga Kawu zuwa ga Auta

Auta ɗana,

Ina yi maka sallama, da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke yi mini tsiya duk sanda na hau benen makaranta. Antinka tana gaishe ka, wai ka yi ƙiba ko har yanzu iska na iya ɗaukarka?

Yaya, wato Innarka, ta rubuto mini cewa masu haƙa rijiyar burtsatse sun ɗauke ka direba, sun ba ka a-kori-kura mai shan dizal, mai giyar otomatik, kana jan tankin ruwa a baya. Na yi murna har ɗalibaina suka tambaye ni ko an yi mini haihuwa ne. Amma akwai wani ruɗani da nake so in cire maka tun da wuri, domin kusan duk wanda ya koyi tuƙi a motar kuloci yana faɗawa cikinsa. Mutane sun ɗauka otomatik motar malalata ce: ka sa ta a D, ka taka totur, ka leƙa allurar zafi, in tana tsakiya shi ke nan. To allurar nan ba ta san komai game da giyabos ba. Zafin ruwan inji kawai take faɗa maka. Giyabos na iya dahuwa a ƙarƙashin kujerarka, ita kuwa tana zaune a tsakiya abinta.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibaina a aji. Nakan ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, in kunna ɗaya, in bar ɗaya a kashe. Jim kaɗan sai ka ga ta kashen ta fara juyawa. Haka motarka take, sai dai a maimakon iska, mai ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. Jan man nan shi ne kulocinka, shi ne kuma yake sanyaya duk abin da ke ciki. In ka ɗaura mata tanki ka nufi tudu, man yana ta dakuwa yana ɗaukar zafi, kuma zafin nan shi ke kashe giyabos tun bai tsufa ba.

Saboda haka in za ka hau tudu da kaya, kada ka bar ta tana kai-kawo tsakanin giya. Ka ja sandar giya da hannunka zuwa 2. In ka kai sama ka raɓe gefe, ka sa ta a P, ka bar inji yana aiki don man ya zagaya ya huce. Sannan ka yi mini aiki guda. Idan mota ta yi ɗumi, ka tsaya a miƙaƙƙen wuri, inji na aiki, ka zaro sandar awon man giya ka ɗiga a kan farin ƙyalle. Ka duba launinsa, ka sunsuna, ka rubuto mini abin da ka gani.

Tunda an ce waya ba ta shiga inda kuke, ka ba mai tankar dizal ɗinku amsa ya kai wa Yaya. Ita ta san direban bas ɗin da ke zuwa nan.

Kawunka

Daga Auta zuwa ga Kawu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ka gaya wa Anti ƙiba tana hanya, an ce ta taso amma motarta ta lalace. Ni kalau nake, sai sauro da munsharin mai walda, abokin kwanana a tanti.

Wasiƙarka ta daɗe a aljihun mai tanka kafin ya tuna da ita, har ta sha dizal. Na yi abin da ka ce. Kawu, man nan ba ja ba ne. Ya yi kama da shayin da aka manta a kan wuta, ga ƙauri kamar an bar dutsen guga a kan riga. Na nuna wa Oga, ya ce za a canza in mun isa sabon wurin aiki, don a nan babu mai sayarwa. Mai walda ya sunsuna ya ce ya fi safar ƙafata ƙamshi.

Sabon wurin yana bayan wani babban tudu. Na taɓa bin hanyar a bas. Hawan da tsawo, amma gangarar ta fi shi, sai kwana bayan kwana, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen kwazazzabon da in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Motar injin haƙa za ta yi gaba, ni da mai walda mu biyo da tanki.

Na zauna na yi ta juya maganarka, cewa zafi ke kashe giyabos, kuma nawa ya riga ya sha wuya. Sai na samo dabara biyu da na san za ka yi alfahari da ni. Ta farko, zan zubar da rabin ruwan don in rage mata nauyi a hawa. Ta biyu, in na kai sama na huta yadda ka ce, sai in sa ta a N in sake ta firi har ƙasa, kamar yadda marigayi Baba yake yi da babbar motarsa. Ka ga giya ba ta aiki ke nan, man zai yi ta hucewa tun daga sama har gindin tudu. Tankin ba shi da birkin kansa, amma na motar sabo ne, da idona na ga an sa.

Ka gani ko, Kawu? Ɗalibinka na nesa ya fi na gabanka kai. Da mun gama kafa famfo a nan za mu tashi.

Ɗanka, Auta

Daga Kawu zuwa ga Auta

Yaya, in wannan ta shigo hannunki, kada ki ajiye ta. Ki saka takalmi ki kai wa mai tanka.

Auta,

Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. A ɗakin malamai na karanta wasiƙarka. Na kira ofishinku, akawun ya ce su ma sai ta hannun mai tanka suke samunku.

Kada ka sa motar nan a N a kan gangara. Ka ji ni? Kada ka sake ta.

Babanka, Allah ya jiƙansa, ni da shi mun sha faɗa a kan firin nan, shi kuwa birkin iska gare shi, kuma ya san hanyoyinsa kamar tsakar gidansa. Kai in ka sa N ka raba inji da tayoyi. Ba abin da ya rage tsakaninka da kwazazzabo sai 'yan faifan birki, kowanne bai fi tafin hannunka ba, su za su riƙe mota da kai da mai walda da tanki. Sabuntarsu ba za ta hana su ɗaukar zafi ba. Za su yi ja, man birki ya tafasa, ka taka ka ji kamar ka taka soso, ƙafarka ta tafi har ƙasa. Kuma giyabos ɗin da kake tausayi ba hutawa yake ba, don inji yana ƙasa-ƙasa, man ba ya zagayawa sosai, tayoyi kuwa suna ta juya cikinsa da gudu.

Maganar rabin ruwa ita ta fi hana ni sukuni. Ka ɗauki rabin bokiti a ka, ka yi sauri, ka tsaya cak, ka ga inda zai kai wuyanka. Haka tankin zai yi maka a kowace kwana. Ko ka cika shi fal, ko ka zubar da shi tas ku nemi ruwa a can.

Tun kana sama, kafin hancin mota ya sunkuya, ka ja sandar zuwa 2, in gangarar ta yi tsanani zuwa L. Inji zai yi kuka, ka bar shi ya yi, riƙe ka yake. Birki ka taka da ƙarfi ka saki, kada ka kwantar da ƙafa a kai. In Allah ya ƙaddara birkin ya tafi, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, ka jingina motar da bangon dutse. Mota ana ƙera wata.

Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Kawunka

Daga Yaya zuwa ga Kawu

Ƙanena,

Ina fata kuna lafiya kai da iyalinka. Ni jiki da sauƙi, hawan jinin ne dai. Na san za ka ce me ya hana ni sa a kira ka. Ka san kunnena da waya ba sa shiri, kuma maganar nan ba na so ta bi ta bakin maƙwabta.

Wasiƙarka ta same ni a kan keken ɗinki. Na bar rigar mutane da allura a jiki na tafi ma'ajiyar man. Mai gadi ya ce tanka ta riga ta fita, sai wani zuwan. Na tsaya a bakin ƙofa da takarda a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Ka yafe mini, na buɗe ta. Tun kana firamare ban taɓa ganin rubutunka ya karkace ba sai a bayan ambulan ɗin nan. Ban san mene ne N ba, ban san L ba, amma na gane soso, na gane bokiti. Na zauna na kwafe ta da hannuna har sau uku. Na ba mai motar burodi ɗaya, na ba wani mai ɗaukar siminti ɗaya, ta ukun na ba wani direba da ban ma san shi ba, don kawai ya ce ta tudun zai bi. Duk na ce su tsayar da duk farar motar da suka gani da tanki a baya.

Yau wata mai kawo mini ɗinki ta zo karɓar kayanta. Mijinta direban bas ne. Tana gwada riga tana ba ni labari, ba ta san abin da take faɗa ba, wai mijinta ya ga hanya a jiƙe sharkaf a wata kwana alhali ba a yi ruwa ba, da fasinjoji suka leƙa sai ga tanki can ƙasa, tayoyinsa a sama. Na ce da mota? Ta ce bai ce ba. Na ce mutane fa? Ta ce bai tsaya ba.

Na je ofishinsu. Akawun ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya ce ana bincike. Bai kalli fuskata ba har na fito.

Kai ka karanci mota. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni. In tanki ya faɗa, yana jan motar su tafi tare?

Yayarka

Daga Kawu zuwa ga Yaya

Yaya,

Muna lafiya. Ki sha maganinki don Allah, ko ba ki jin cin komai.

Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba. Wani lokaci yana ja. Wani lokaci kuma ƙarfen da ya haɗa su yakan karye, tanki ya tafi shi kaɗai. Mutane cike da bas sun leƙa sun ga tanki, ba wanda ya ce ya ga mota, kuma farar mota ta fi tanki saurin gani. Da wannan nake riƙe, ke ma ki riƙe shi. Ban da shi ba ni da komai.

Na nemi izinin tafiya, shugaban makaranta ya ce sai an gama jarrabawar ɗalibai, don ba wanda zai karɓe ni. Kullum ina tasha lokacin da bas ke shigowa. Jiya na shiga aji na tarar da fankokin nan biyu a kan tebur, na ce yara su buɗe littafi su yi karatu da kansu.

Duk abin da kika ji, mai daɗi ko marar daɗi, kada ki tsaya neman yadda za ki faɗa mini.

Ƙanenki

Daga Auta zuwa ga Kawu

Kawu,

Kada ka tsorata da ganin rubutun ba nawa ba. Ina raye. Mai walda ne yake rubuta mini, hannuna na dama yana cikin filasta, haƙarƙari biyu kuma sun tsage. (Ni mai walda ina gaida Kawu. Haƙorina ɗaya yana can kan tudu, in an je a duba mini.) Muna wani ƙaramin asibiti a gindin tudun. Na aika wa Inna tata wasiƙar tare da wannan.

Saƙonka bai same ni ba sai a gado. Na yi duk abin da na ce zan yi. Na zubar da rabin ruwa, na hau a 2, na huta a sama a P. Sai na sa N.

Da farko daɗi, Kawu. Shiru, sai iska. Har na ce wa mai walda ya ji yadda masu ilimi ke tuƙi. A kwana ta farko na taɓa birki, sai na ji wani abu ya tunkuyi motar ta baya kamar rago. Ruwan ne. Na ƙara takawa, ya koma ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Daga nan ban ƙara ɗaga ƙafata ba. Can sai ƙauri ya shigo ta taga, irin na ƙyallen nan, amma daga tayoyi. Mai walda ya ce, "Kai Auta, me ke ƙonewa?" Na ce ba komai. Ban rufe baki ba ƙafata ta tafi har ƙasa.

Na taka, na taka, ba kowa a gida. Na ga kwana tana tahowa, bayanta sarari kawai. Mai walda ya riƙe ƙofa yana salati, yana haɗawa da sunan matarsa. (Ƙarya yake, salati kawai na yi.) Ban san yadda aka yi ba, fankokinka suka faɗo mini a rai. Na ce in inji na tura taya ta cikin mai, ai taya ma za ta iya jingina da inji, ni ne na raba su. Na fizgo sandar zuwa D, na ƙara fizgowa zuwa 2. Ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sannan ta kama da wata irin ƙara, inji ya yi kururuwa har na ce zai fito ta bonet. Gudun ya ragu, amma bai isa ba. Sai na karya sitiyari na ba ta bangon dutse. Muna gurzar dutse ruwan ya sake tunkuyo mu, na ji ƙarfe ya ɓalle, na ga tanki ya wuce mu ta madubi, shi ke nan.

Wasiƙarka ta zo har sau uku da rubutun Inna, direbobi daban-daban suka yi ta tambaya har suka same ni. Wata nas a nan ta karanta mini, da ta kai wajen bokiti ta ajiye takardar ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

Kawu, ga abin da ban rubuta wa Inna ba. Oga ya ce ana gyaran motar, har da sabon man giya da birki a tanki, kuma kujerata tana jirana. Ni kuwa ko ƙarar inji na ji ta taga, sai ƙafata ta hau neman birki a ƙarshen gado, tana rawa, in riƙe ta da hannun hagu ta ƙi tsayawa. Ina jin ni da sitiyari mun rabu. Ban iya wani aikin ba, amma ban ga yadda zan sake kallon gangara ba.

Ɗanka, Auta

Daga Kawu zuwa ga Auta

Auta ɗana,

Alhamdu lillahi. Na faɗa a tasha, na faɗa a hanya, ina kuma faɗa yanzu. Da direban bas ya miƙo mini ambulan na ga baƙon rubutu, sai na sa ta a aljihu na zauna a kan bencin masu jiran mota, na kasa buɗewa. Wani mai sayar da katin waya ne ya gaji da ganina ya ce, "Malam, ko in karanta maka ne?" To kai, ya sauƙin hannu? Ka riƙa jan numfashi sosai ko da zafi, haƙarƙari ba ya son a ji tsoronsa. Antinka ta yi kuka ta yi dariya, ta ce a gaya wa mai walda haƙorinsa yana wuyanta. Ka gode masa, ka ce rubutunsa ya fi na rabin ajina.

Na karanta wa ɗalibaina wajen da ka tuna da fankoki. Abin da ka gano a bakin kwazazzabo, cewa taya na iya jingina da inji, ban rubuta maka shi a wasiƙar farko ba, kai ka haɗa shi da kanka, birki babu, mutum na ihu a kunnenka. Direban da ya yi wannan ban yarda ya gama tuƙi ba.

Amma ba zan ce ka koma don na faɗa ba, kuma ba zan ce tsoron zai tafi don ka yi haƙuri ba. Ƙafarka ta taka ta ji babu, dole ta tuna. Magana ba za ta gamsar da ita ba, sai ta ji da kanta.

Saboda haka ga aikin gida. Idan an cire filasta, likita ya yarda, ka karɓi makullin a hannun Oga. Kada ka ɗaura tanki. Ka fara zaro sandar awo ka ɗiga a farin ƙyalle, ka ga yadda lafiyayyen mai yake, ja garau, ba ƙauri. Sannan ka nemi 'yar gangara, irin wadda masu baro ke sauka ba sa ko waiwaye. Ka ɗauki mai walda in ya yarda ya sake shiga. Ka tsaya a sama, ka ja sandar zuwa L, ka saki birki, kada ka taɓa totur. Ka ajiye ƙafarka kusa da birki, ka saurara. Za ka ji inji ya ɗaga murya kaɗan, motar ta riƙa sauka taku-taku kamar tsohuwa a kan matakala. In kun kai ƙasa ka juyo ka sake, wannan karon a 2, ka ji bambancin a bayanka.

Da an gama jarrabawa ina tafe, da gwiwata da komai, zan zauna a gefenka ranar da za ka ɗaura cikakken tanki. Kafin nan ka gwada wannan ko sau ɗaya ne. In ƙafarka ta yi rawa, ka bar ta ta yi ta yi, ai ba ita ke riƙe da motar ba.

Kawunka